Daga kaset zuwa salula: rariyar da ke tsaron muryoyin magabata

A Isawan, kamar sauran garuruwan ƙasar Mayahi da Tasawa, katin memori ya gaji kaset. Waƙoƙin makaɗa, wa'azin malamai da labarun tsofaffi duk suna ƙaura daga zaren kaset zuwa cikin salula. To amma a kan hanyar wannan ƙaura akwai wata mashiga da ido ba ya gani, inda na'ura ke sauya ma'aunin sauti. In an yi aikin bisa ƙa'ida, kunne ba ya jin bambanci. In kuwa an yi shi da ganganci, abin da ya zube ba ya kwasuwa.

Dukiyar da ke kwance cikin akwatuna

Ƙasarmu ta daɗe tana ɗaukar muryoyin mutanenta. A shekara ta 1958 aka buɗe Rediyo Nijar, wadda daga baya ta zama Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyar Rediyo-Kulob, wadda jagororinta, malaman makaranta da sauran ma'aikata, ke shiga ƙauyuka da rakoda suna ɗaukar ra'ayin manoma da makiyaya domin a watsa a rediyo. A 1968 aka kafa a Yamai cibiyar da aka sani yau da suna CELHTO, wadda aikinta shi ne tattara tarihin baka. Masu bincike na ƙasashen waje su ma sun bi sawu: Bajamushe Veit Erlmann ya yi nazarin makaɗan kwarin Maraɗi, kuma shi da Habou Magagi suka wallafa littafi a kan girkar bori a 1989.

Wannan na hukuma ke nan da na masana. Amma abin da ke hannun talakawa ya fi yawa. Tun da kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset a 1963, har ya cika kasuwanninmu, babu gidan da ba a ajiye wani abu ba: kiɗan bikin ɗiya, kirarin ɗan kokowa, tafsirin wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, ko saƙon ɗan ci-rani da ya aiko daga Legas ko Abijan domin a kunna wa iyaye. A gari kamar Isawan, irin wannan kaset sau da yawa shi kaɗai ne a duniya, ba shi da na biyu.

Zaren kaset kuwa ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ga shi kuma rakodojin da ke karanta shi suna ƙarewa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar IASA, ta masu adana sauti na duniya, sun yi gargaɗin cewa injunan kunna irin waɗannan zaruruwa da kayan gyaransu suna gab da ɓacewa. Saboda haka kwafe su zuwa kwamfuta ya zama tilas. Sauran magana ita ce yadda za a kwafa.

Yadda ake auna murya

Sauti dai karkarwar iska ce. Idan makaɗi ya bugi ganga, fatar na kaɗawa, iska na kaɗawa tare da ita har ta iso kunne. Yawan kaɗawar a cikin sakan guda shi ake ƙirgawa da herz. Sauti mai kauri, kamar na ganga, kaɗawarsa kaɗan ce. Siririn sauti, kamar ƙarar kuge ko feɗuwa, kaɗawarsa na da yawa. Kunnen yaro mai lafiya na jin abin da ke tsakanin herz 20 da herz 20.000, kuma yana raguwa da tsufa.

Kwamfuta ba ta san komi ba sai lambobi. Domin ta ajiye murya, sai ta riƙa auna ƙarfin kaɗawar a kai a kai, tana rubuta abin da ta samu a kowane awo. Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauri. Wanda ke rubuta kuɗin tiyar gero kowace ranar kasuwa zai ga hawa da saukarsa duka. Wanda ke rubutawa sau ɗaya a shekara ba zai ga komi ba, har ma yana iya yanke hukuncin da ba daidai ba, idan kullum lokacin kaka yake zuwa.

To sau nawa ya kamata a auna? Masana uku ne aka fi dangantawa da amsar: Harry Nyquist a 1928, Vladimir Kotelnikov na Tarayyar Sobiyat a 1933, da Claude Shannon a 1949. Ƙa'idar ita ce: yawan awo a sakan dole ya zarce ninki biyu na sauti mafi siriri da ake son riƙewa. Wato wanda ke awo sau 8.000 a sakan ba zai iya riƙe abin da ya kai herz 4.000 ba, wanda ke awo sau 48.000 iyakarsa herz 24.000.

Kowace kasuwa da mudunta

Da a ce duniya ta yarda da ma'auni guda, da babu wannan magana. Amma kowace sana'a ta zaɓi nata. Masu tarho sun tsaya a kan awo 8.000 a sakan, domin abin da suke bukata shi ne a gane magana, kuma layin tarho na da bai wuce herz 300 zuwa 3.400 ba. Salular da ta shigo Nijar ta gaji wannan ma'auni, haka ma rakodar da ke cikin ƙananan wayoyi na farko, wadda ke ajiye murya a fayil mai suna AMR.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, ya zo da awo 44.100. Wannan lamba mai kama da ganganci tana da dalili. A lokacin, a kan kaset ɗin bidiyo ake ajiye sautin lambobi, ana sa awo 3 a kowane layin hoto. A tsarin talabijin na Turai layuka 294 ne ake amfani da su, sau 50 a sakan: 294 sau 50 sau 3, ka sami 44.100. Masu fim da talabijin kuwa sun ɗauki 48.000, kuma shi ne ke kan DVD da yawancin bidiyon salula. Saƙon murya na WhatsApp yana amfani da tsarin Opus, wanda aka tabbatar a 2012, kuma wannan tsari ya san 8.000, 12.000, 16.000, 24.000 da 48.000, amma ba ya aiki da 44.100 kai tsaye.

Ka ga ke nan waƙa guda na iya ratsa ma'auni uku ko huɗu kafin ta iso kunnen mai saurare: an kwafe ta daga kaset a kan 44.100, mai haɗa bidiyo ya mayar da ita 48.000, wani ya rage ta domin ta shiga ƙaramar waya. A kowace mashiga sai an yi canji, abin da Faransanci ke kira rééchantillonnage.

Kuskure na farko: sauya suna ba tare da sauya awo ba

Mafi sauƙin kuskure shi ne a ɗauki fayil mai awo 44.100 a kunna shi kamar mai 48.000. Babu lambar da ta ɓace, amma na'ura na karanta su da sauri fiye da yadda aka rubuta, da kusan kashi 9 cikin 100. Wa'azin awa guda zai ƙare a minti 55 da ƴan sakanni, muryar malamin kuma ta tashi sama, ta koma kamar ta saurayi. In aka yi akasin haka, awa guda ta zama minti 65, muryar ta yi nauyi kamar ta mai jin barci. Duk wanda ya taɓa sauraren rakoda mai mataccen batir ya san wannan murya. A bidiyo kuwa, sai a ga baki ya riga magana ko magana ta riga baki, tazarar na ƙaruwa har ƙarshen fim.

Wannan kamar mutum ne ya auna hatsi da tiya, sa'an nan ya rubuta a buhu cewa kilo ne. Gyaransa mai sauƙi ne idan an gane da wuri, domin hatsin na nan bai zube ba.

Kuskure na biyu: zubar da awo ba tare da tankaɗe ba

Na biyun ya fi muni. A ce ana son rage fayil daga 48.000 zuwa 16.000. Hankali zai ce a riƙe awo ɗaya cikin kowane uku, a zubar da biyu. Lissafin daidai ne, amma akwai tarko. Sabon ma'aunin iyakarsa herz 8.000. Sautin da ya wuce wannan iyaka ba ya ɓacewa salin-alin. Sai ya naɗo ya dawo ƙasa da wata kama. Ƙarar herz 10.000 za ta fito a matsayin herz 6.000. Idan zuwa 8.000 aka rage, ƙarar herz 6.000 za ta koma 2.000, ta 5.000 ta koma 3.000, wato tsakiyar inda maganar mutum take.

Mai karatu ya taɓa ganin irin wannan a silima. Mota na gudu gaba, amma ƙafarta na juyawa da baya. Dalili shi ne kyamara na ɗaukar hoto 24 kawai a sakan, ƙafar kuwa na juyawa fiye da yadda wannan awo zai iya bi, sai ido ya ga ƙarya. Abin da ke samun ido a silima shi ke samun kunne a nan. Goge da algaita suna da sirarun sautuka masu yawa a saman ainihin muryarsu, su ne ke ba su zaƙi. Idan suka naɗo ƙasa sai su zama wata ƙara mai kama da ta kwano, wadda makaɗin bai taɓa bugawa ba. Kuma da zarar baƙon sauti ya gauraya da na gida, babu manhajar da za ta raba su, kamar yadda ba a raba gishiri da miya.

Magani shi ne a tankaɗe kafin a rage. Uwargida ba ta zuba gari a tukunya sai ta bi da shi ta rariya, tsaki ya tsaya a sama, lallausan ya wuce. Haka manhaja ke yi: ta fara bi da sautin ta wata rariya ta lissafi wadda ke tsayar da duk abin da ya wuce rabin sabon ma'auni, sa'an nan ta zubar da awon da ba a bukata. An yi asarar sirarun sautuka, gaskiya ne, amma abin da ya rage tsabtatacce ne.

Yadda rariyar ke aiki

Rariyar ba wani abin tsafi ba ce. Domin samun kowane sabon awo, manhaja na duba awon da ke maƙwabtaka da wurin, na gaba da na baya, ta ba kowane nauyinsa: na kusa nauyi mai yawa, na nesa kaɗan, wasu a tara, wasu a ɗebe. Jimillarsu ita ce sabon awo. Manhaja marar inganci maƙwabta biyu kawai take dubawa, ta ja layi tsakaninsu. Aikin na da sauri, amma rariyar na da manyan huji. Ingantacciya kan duba gommai ko ɗaruruwa. Gwargwadon tsawon rariya, gwargwadon kaifin yankanta, gwargwadon kuma wahalar da take ba na'ura.

Canji tsakanin 44.100 da 48.000 ya fi wuya, domin ɗaya ba ninkin ɗaya ba ne. Idan aka raba kowanne da 300, sai a sami 147 da 160. Wato duk inda ake da awo 147, ana bukatar 160. A bisa takarda, ga yadda ake yi: a cusa sifiri 159 bayan kowane awo, ma'aunin ya hau zuwa 7.056.000 a sakan. A bi da shi ta rariya, wadda ke cike guraben da lambobin da suka dace. Sa'an nan a riƙe ɗaya cikin kowane 147. Abin da ya rage shi ne 48.000 cif.

Da za a bi wannan hanya ƙafa da ƙafa, da na'ura ta galabaita a banza, tana ninka sifiri tana lissafa awon da za a zubar. Masana suka lura cewa ana iya tsallake duk wannan, a lissafa awon da za a riƙe kaɗai, ta hanyar raba babbar rariyar zuwa ƙananan rariyoyi 160 masu karɓa-karɓa. Ronald Crochiere da Lawrence Rabiner na ɗakunan binciken Bell a Amurka sun tattara wannan ilimi cikin littafi a 1983. A 1984 Julius Smith da Phil Gossett suka bayyana wata dabara da ke ba da damar canji tsakanin kowane ma'auni biyu. A yau waɗannan dabaru suna cikin manhajoji na kyauta irin su SoX, FFmpeg da Audacity, wadda ta fito a shekara ta 2000. Ƙaramar kwamfutar ofishin magajin gari ta isa ta yi aikin. Audacity ma tana ba mutum zaɓi tsakanin canji mai sauri da canji mafi inganci. Wanda ke aikin adana tarihi na biyun zai zaɓa, ya yi haƙurin ƴan mintuna.

Wannan lissafi yana da wani amfani. Kaset na tafiya santimita 4,76 a sakan, amma rakodar da aka ɗauki magana da ita a ƙauye sau da yawa batirinta ya yi sanyi. Idan an san gwargwadon saɓanin, ana iya sake awon sautin domin a mayar da muryar daidai. Wani lokaci ma gunjin lantarki na herz 50 da ya shiga cikin ɗaukar, wanda ake ganin aibu ne, shi ke zama shaidar da ake gwada saurin da ita.

Abin da ya shafi harshenmu

Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma hawa da saukar murya suna can ƙasa, inda ko tarho ba ya ɓata su. Shi ya sa muke gane juna a waya. Amma baƙaƙe irin su s da ts yawancin ƙarfinsu na sama da herz 4.000. A fayil mai awo 8.000 sai su dusashe. A hirar yau da kullum kunne na cike gurbin da kansa, domin ya san abin da ake nufi. A kirarin sarauta, ko jerin sunayen kakanni, ko tsofaffin kalmomin farauta da ƙira da yaran yanzu ba su sani ba, babu abin da zai taimaki kunne. Wanda zai rubuta wannan tarihi nan da shekara 50 zai tsaya yana shakka a kan suna, ba kuwa wanda zai tambaya.

A nan ne ya kamata masu turin waƙa a kasuwa da abokan cinikinsu su yi hattara. Mayar da fayil mai awo 8.000 zuwa 48.000 ba ya dawo da abin da aka yanke. Fayil ɗin zai kumbura, ya cinye wuri a kati, amma muryar tana nan yadda take. Zuba tiya guda a babban buhu ba ya mayar da ita buhu. Haka kuma a bambanta abu biyu: sauya ma'auni daban, matse fayil zuwa MP3 daban, kuma matsewar ita ma tana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake ta. Kwafe fayil daga kati zuwa kati, ko ta Bluetooth, ba ya rage komi. Abin da ke ragewa shi ne sake sarrafa shi, ko kuma a kara salula a bakin rakoda a ɗauka da saƙon murya, wanda shi ne mafi lalacewar hanya.

Uwa da ƴaƴa

Masu adana sauti sun daɗe da tsayar da ƙa'ida. A jagoran da IASA ta fitar a 2004, ta kuma sabunta a 2009, an ba da shawarar kada a kwafi tsohon zare a ƙasa da awo 48.000 da bit 24, wato zurfin lambar da ake rubuta kowane awo da ita, kuma cibiyoyi da yawa sun ɗauki 96.000. A ajiye shi a fayil na WAV wanda ba a matse ba. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa ta. Daga gare ta ake fitar da ƴaƴa: ɗaya na rediyo, ɗaya na salula, ɗaya na bidiyo, kowanne da canji guda kawai daga uwar. Kada a fitar da jika daga ɗa.

Wurin ajiya ba shi ne matsala ba. Awa guda ta magana a kan 48.000 da bit 24, layi ɗaya, tana cin megabait 518. Kati mai gigabait 32 zai ɗauki kusan awa 60. Abin da ake bukata shi ne a ajiye uwa a wuri biyu aƙalla, a kuma rubuta sunan mai magana, garinsu da shekarar ɗauka, domin murya marar suna marainiya ce.

Tun daga 1994 aka sami gidajen rediyo masu zaman kansu a ƙasar nan, daga 1999 kuma na karkara suka bazu. Waɗannan gidaje suna da kwamfuta, suna da matasa masu sanin aikin sauti, kuma jama'a sun amince da su. Su ne suka fi dacewa su zama wurin da mutumin Isawan ko Kanambakashe zai kai kaset ɗinsa a kwafa masa, a ba shi nasa, a ajiye uwa. Muna kira ga magadan gari da jami'an al'adu na gundumomin Mayahi da Tasawa da su sa wannan aiki cikin lissafinsu, tun ana samun rakodar da ke juyawa da mai gyaranta. Attajiranmu kuwa, waɗanda makaɗa suka wasa iyayensu a cikin waɗannan kaset, ba su rasa abin sayen rakoda mai kyau da faifan ajiya ba.

Ga mai kaset a gida, shawara uku ce. Kada ya jefar da kaset bayan an kwafa. Ya tambayi mai kwafa a kan wane ma'auni ya ɗauka. Ya kuma nemi a ba shi uwar, ko da ta fi tsada. Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce UNESCO ta keɓe domin tunawa da gadon sauti da hoto. Allah ya sa ta riƙa iske mu mun tsamo wani abu daga cikin akwatunanmu.